Kabewar da Ta Kusa Kashe Min Aure

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka haifa mana ɗanmu na fari ba, kuma Allah ya yafe min, ba don haihuwar ba. Saboda kabewa ne.

Ina da ɗan fili a allotment ɗin Edmonton da ke Landan, irin ƙananan gonakin nan da council ke yanka wa mutane. Wani tsohon Bature maƙwabcina a can ya ba ni iri ƙwaya ɗaya, ya ce in na kula da ita sai ta fi ni nauyi. Ni da ko barkono ban taɓa shukawa a Kano ba, sai abin ya shiga raina kamar ciwo.

Noman ƙatuwar kabewa ba irin na gida ba ne da za ka jefa iri bayan ɗaki ka manta. Da sassafe za ka ɗebo garin furen namiji ka shafa wa na mace, ka ɗaure bakin furen da zare. Duk 'ya'yan da suka fito ka tsinke ka yar, ka bar guda ɗaya tal. Yaɗon kuma ka bi shi kana binnewa don ya ƙara saiwa. Ita kuwa ɗayar, ka lulluɓe ta da farin ƙyalle kada rana ta tsaga mata fata. Har suna na raɗa mata, Basamudiya.

Ana cikin haka surukata Hajiya ta zo daga Kano yi wa matata Rukayya jego. Kunya ta hana ni gaya mata abin da nake yi, sai na riƙa sulalewa bayan sallar asuba da baƙar leda a hammata. Hajiya kuwa ba ta barci da ido biyu. Ta lura jan zaren ɗinkinta ya yi ƙafa, farin zanin gado ma ya bi shi. Rannan ta tsinci buhun takina a bayan ƙofar kicin, ta ce Rukayya ta karanta mata abin da ke jiki.

"Kifi, jini da ƙashi, Mama."

"Jinin wa?"

"Ba su rubuta ba."

(Rukayya ta san komai sarai. Haushina take ji, don ranar da nas ta tambaye ni nauyin jaririn sai na kama kallon silin, alhali faɗin kabewa ko daga barci aka tashe ni zan faɗa.)

Hajiya ta sa ƙaninta Kawu Bala, direban bas a Tottenham, ya bi sawuna. Ya dawo ya ce da idonsa ya gan ni ina binne-binne, ina kwarara wani baƙin ruwa mai wari, sannan na durƙusa gaban wani abu cikin likkafani. Nan take Hajiya ta ce ba za ta bar 'yarta da jikanta a hannun matsafi ba, a yi musu booking su koma Kano. Duk wannan ni ban sani ba, ina can ina murna ganye ya yi kore.

Ranar wata Asabar da safe na durƙusa zan auna ta. Ta yi girman da hannuna ba ya zagaye ta, don haka na cusa tef ɗin awo ƙarƙashin zanin, na rungume ta, kumatuna manne a jikinta. Daɗi ya ɗebe ni, na kama yi mata kirari da ƙarfi:

"Basamudiya uwar ɗakina! Sha jini ki ƙoshi, ci ƙashi ki ƙara! Duk 'yan'uwanki na hallaka su dominki, kada ki ba ni kunya!"

Sai na ji ruwa mai sanyi a ƙeyata, da wata murya tana a'uziyya. Na waiwaya. Wani malami ne da gorar ruwan tofi yana yayyafa min, ga Hajiya ta ɗora hannu a ka tana salati, ga Rukayya a baya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Kawu Bala ya ɗauki manjagarata, daga nesa ya miƙa ta ya fizge zanin, ya yi tsalle baya.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige har da takalmi.

"Kabewa ce, Hajiya," na ce, kaina a ƙasa.

Ta zagaya ta a hankali, ta ƙwanƙwasa. Har fuskarta ta ɗan saki. "To alhamdu lillahi. Yaushe za a yanka? Wannan ai ta ishi taushen unguwa guda."

"Ba a cin irinta, Hajiya. Ruwa ce zalla. Gasa ake kai ta a auna."

"In an auna, sai me?"

"Sai... a tafa."

"Sauran 'ya'yan da ake iya ci fa?"

"Na zubar."

Hajiya ta juya wajen malamin. "Malam, wannan akwai addu'arsa?"

Malam ya rufe gorarsa ya zura a aljihu. "Hajiya, da aljani ne da mun gwada."

A ranar aka yi cancel ɗin tafiya. Ina ji daga falo Hajiya tana ce wa Rukayya, "Zauna ɗakinki, 'yar nan. Ba mugu ba ne, wawa ne, kuma da wawa ana zama." Ban taɓa jin zagin da ya kwantar min da hankali irin wannan ba.

Abin da na koya shi ne, in dai za ka yi wauta, ka yi ta da rana tsaka kowa na gani. Ni dai gara a yi min dariya da a yi min ruƙiyya.