Ranar da Na Haƙa wa Baba Yakubu Kabari

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata da na kwashi jama'ar masallacin unguwarmu, da liman, da makara, na kai su ƙofar ɗakin ajiye gawa na asibiti, kan aikin da babu wanda ya sa ni.

Ni dai yadi nake sayarwa a Kasuwar Gombe, shadda da atamfa da farin yadi. Da yake masu neman likkafani wurina suke zuwa, sai a hankali na naɗa kaina malamin jana'iza. Na san ƙyalle nawa ake yi wa namiji, nawa ake yi wa mace, na san wanda ya dace ya yi wanka, na san inda liman ke tsayawa. Wani ɗan littafin hukunce-hukunce na karanta (bangonsa ma ya yage, ban san wanda ya rubuta ba), shi ke nan kaina ya kumbura. Duk inda aka yi rasuwa a unguwa, kafin mata su gama salati na iso da almakashina. Matata takan ce ni kaɗai ta sani da in an ce an yi mutuwa sai ya ƙara kuzari.

A gefen shagona akwai 'yar rumfar Baba Yakubu mai gyaran keken ɗinki. Dattijo ne gajere mai furfura, kullum cikin kaftani da hula. Shekara shida muna zaune kafaɗa da kafaɗa. Bakinsa ba ya rabo da "in Allah ya yarda", da azumi kuma ban taɓa ganin ya kai ko ruwa bakinsa a kasuwa ba. Ranar Juma'a idan za mu tafi masallaci, shi ke zama ya tsare mana shaguna. Ni kuwa na yanke wa kaina cewa ciwon gwiwa ne ke hana shi tafiya, har wata rana na yi masa fatawa kyauta cewa mai lalura an ɗauke masa. Ya yi murmushi ya ce, "Na gode, Malam." (Na san wasunku sun riga sun gane inda labarin ya dosa. Allah ya ƙara muku basira, ni a shekara shida ban gane ba.)

Ranar Talatar nan da hantsi, yana cikin gyaran wani keken ɗinki, sai kawai ya sulale daga kan benci. Muka sa shi a Keke Napep, ni da wani tela dattijo da muke kira Bappa Umaru, muka nufi asibiti. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma kafin azahar rai ya yi halinsa. Na yi kuka, gaskiya na yi, don mutumin kirki ne. Sai dai hawayen bai gama bushewa ba malamin jana'izar da ke cikina ya farka.

Abin da na sani game da shi bai wuce biyu ba: yana haya shi kaɗai a unguwar Kagarawal, kuma matarsa ta rasu da daɗewa. Na ce a raina, wannan bawan Allah ba shi da kowa, in ban tashi ba gawarsa za ta kwana a firji kamar marar gata. Na zaro waya. Bappa Umaru ya riƙo hannun rigata ya ce, "Malam, tsaya ka ji wata magana."

Na ce, "Bappa, yanzu ba lokacin magana ba ne. Gaggauta jana'iza sunna ce."

Ya ce, "Ai maganar ce ta..."

Na ce, "Don Allah Bappa ka koma kasuwa ka rufe mana shaguna. Wannan fannina ne."

Ya dube ni, ya girgiza kai, ya tafi. Daga baya ya gaya mini cewa ya ɗauka wasu takardun asibiti zan cike, bai san har kabari zan kai ba.

Cikin awa biyu na yi abin da ko kwamiti ba zai yi ba. Na kira masu haƙa a maƙabarta na ba su tsawon mamaci da ka. Na koma shago na yanka likkafani daga farin yadi mafi kyau. Bayan sallar azahar na miƙe a masallacin unguwarmu na sanar cewa wani bawan Allah maraya ya rasu, za a yi masa sutura bayan la'asar, mai neman lada ya fito. Mutanen unguwarmu ba su san Baba Yakubu ba, ni suka sani, don haka babu wanda ya yi tambaya. Muka ɗora makara a bayan a-kori-kura, liman a gaba, mu kusan ashirin a biye, sai asibiti.

Mai kula da ɗakin gawa wani mutum ne siriri mai sanyin magana, irin wanda ya ga tashin hankali har ya daina ɗaga masa gira. Na gaya masa sunan wanda muka zo ɗauka. Ya buɗe wani babban littafi, ya duba, ya ce, "Wane ne shi a wurinka?"

Na ce, "Maƙwabcina ne a kasuwa. Ni na kawo shi."

Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Amma ba na ba da gawa sai da takardar shaidar mutuwa daga likita, sannan wani nasa na jini ya zo da katinsa ya sa hannu. Ɗa, ko 'ya, ko mata, ko ɗan'uwa. Maƙwabci ba ya cikin layin nan."

Na ce, "Ba shi da kowa."

Ya ce, "Kai ka faɗa. In ma hakan ne, akwai hanyar da ake bi, sai hukumar asibiti ta tabbatar. Ba ni ba, ba kai ba."

Nan fa na buɗe littafina mai yagaggen bango. Na ɗaga murya yadda na baya za su ji, na yi masa wa'azi kan haƙƙin mamaci a kan rayayyu, na ce takarda ba za ta hana mu sauke farilla ba, na ce ga kabari can yana jira. Har na tambaye shi ko ba ya tsoron ranar da shi ma za a kwantar da shi a wannan ɗakin. (Mutumin da ke kwana yana tashi da gawa nake tambaya ko ya san mutuwa.) Shi dai ya rufe littafinsa ya ɗora hannu a kai.

Muna cikin haka sai ga wata mata ta shigo da sauri, idanunta jawur, allin da ke hannunta bai gama fita ba. A bayanta akwai wani dattijo cikin baƙar riga mai farar kwala, ko ba a faɗa ba ka san fasto ne. Ta ga makara, ta ga taronmu, sai ta rage sauri, ta ɗan rusuna ta ce, "Ashe ku ma rashi kuka yi? Allah ya ji ƙan naku, ya ba ku haƙuri."

Muka amsa da amin, har da ni.

Ta juya wurin mai ɗakin ta ce, "Ni ce Rifkatu, 'yar Yakubu mai gyaran keke. Ina koyarwa a Kwadon, nas ce ta kira ni da wayarsa."

Mutumin nan bai ko dube ni ba. Cikin sanyin muryarsa ya ce, "Yauwa. Waɗannan ma mahaifinki suka zo ɗauka."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Rifkatu ta dubi makarar, ta dubi ƙunshin farin yadin da ke hammatata, ta ce, "Ku kai shi ina?" Faston ne ya yi gyaran murya ya ce, cikin ladabi, Baba Yakubu dattijon ikkilisiya ne a cocinsu fiye da shekara ashirin, kuma ya bar wasiyya a kai shi ƙauyensu a kudancin Gombe, a binne shi kusa da matarsa. Sai a lokacin na fahimci abin da na kusa aikatawa. Da mai ɗakin gawar nan ya ji tsoron hayaniyata, da yarinyar nan ta iso ta tarar mun rufe ubanta a inda bai zaɓa ba, ba ta ko ga fuskarsa ba.

Liman ya matsa ya yi wa Rifkatu ta'aziyya, ya ba fasto hannu, ya ba su haƙuri a madadinmu. Sannan ya ja ni gefe ya ce a hankali, "Malam, ko da Musulmi ne, ai waliyyinsa ne a gaba, ba mai yadi ba. Wannan babin ba ya cikin littafin naka?" Na ce wataƙila yana cikin shafukan da suka yage. Muka juya da makara fayau. A mota wani tsoho ya ce shi dai ladan tafiya ya riga ya samu. Kabarin kuwa bai yi asara ba, kafin magariba an kai wani.

Bayan kwana tara na ɗaure fuska na bi Bappa Umaru zuwa ƙauyen. Na zauna can baya a coci, ina fatan kada kowa ya gane ni. Da aka gama binnewa sai Rifkatu ta ratso mutane ta zo har inda nake. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, ta katse ni.

"Kai ne baban Hauwa da Sadiƙu, ko? Yaya ƙirjin Hauwa, asmar ta lafa?"

Na ce, "Ina kika san su?"

Ta ce, "Baba ne. Duk ranar Lahadi in na zo, sai mun yi addu'a, kuma sai ya sa sunansu. Ya ce Sadiƙu zai rubuta jarrabawa bana. Ya ce kana da kirki, sai dai ba ka bari a gama magana."

Wannan ya fi mini zafi a kan abin da ya faru a asibiti. Mutum ya san sunan 'ya'yana da ciwonsu da jarrabawarsu, ni kuwa abin da na sani nasa shi ne tsawon kabarinsa.

Tun daga ranar, in aka yi rasuwa ina zuwa, amma sai an kira ni nake fito da almakashi, kuma tambayata ta farko ita ce, "Ina masu shi?" Rumfar Baba Yakubu yanzu wani mai gyaran agogo ne a ciki. Ranar da ya tare na tsare shi da tambayoyi, garinsu, iyalinsa, sunan 'ya'yansa, wa za a kira in wani abu ya faru. Ya dube ni a tsorace ya ce, "Malam, lafiyata ƙalau fa."

Na ce, "Na sani. Shi ya sa nake tambaya yanzu."