Alkakin Iya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai garar ƙanwata Zulai gidan mijinta ba. Ko na so in manta ma dangi ba za su bari ba, don har yau in aka fito da alkaki a wurin biki sai wata ta kalle ni ta ƙunshe dariya.

Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta girke-girken gidanmu a ciki. Na fara shi tun kakata Iya tana da rai, a gidanmu na Ƙofar Marusa. Iya kuwa ta yi suna wajen alkaki, duk wata gara ta kece raini a unguwar da hannunta a ciki. In tana aiki sai in jawo kujera in zauna da biro, ina rubutu ina gyara zaman gilashi. Takan ce, "Ke ɗiyar nan, aje takardar nan ki sa hannu." Ni kuma in ce tarihi nake adanawa. (Gaskiyar magana, ba na son mai ya ɓata mini lalle.)

Bayan rasuwarta littafin ya zama abin taƙamata. Saboda haka da aka zauna shirin gara, Gwaggo Rabi, ƙanwar babanmu, ta kawo shawarar a ba wata mata a Ƙofar Durɓi aikin alkakin, sai na yi farat na ce, "Haba Gwaggo, alkakin Iya na nan a rubuce, a kai wa bare?" Ta ce to bari ta zo ta kama mini. Na ce ta huta. Kafin ka ce kwabo labari ya kai gidan ango, har kakarsa Hajiya Tasalla, ƙawar Iya tun suna 'yan mata, ta aiko cewa kada kowa ya buɗe kwallar alkakin sai a gabanta.

Ana gobe za a kai gara na buɗe littafin a kicin ɗina a Kambarawa. Kai, na iya rubutu. Ga launin zanen Iya, ga ƙamshin man shanu, ga yadda take korar kaji da ƙafa ba tare da ta ɗago kai ba. Har hawaye na yi. Girkin kansa kuwa ga abin da na samu: "Ta kwaɓa garin alkama da mai da nono, ta rufe, ta ce a bar shi ya kwana." Sai layi na gaba: "Da na tashi na tarar tana murzawa tana naɗewa." Ban ga wani giɓi a tsakaninsu ba. (Ni fa tun ina yarinya in na sallame sallar asuba na koma barci, sai rana ta dake ni.)

Haka na bi littafin sau da ƙafa. Na kwaɓa, ya kwana, da safe na naɗe na toya na tsoma a ruwan sukari. Ya fito jajir yana ƙyalli. Ranar ina ramuwar azumi, ban ɗanɗana ba, maigidana kuma da ya miƙo hannu na janye kwallar na ce na gara ne. Hoto dai na ɗauka na tura wa duk wanda na sani.

Da la'asar muka isa. Aka yi guɗa, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka jera kaya a tsakar gida: shinkafa, man gyaɗa, nakiya, dubulan. Na ɗauko kwallata da kaina na dire gaban Hajiya Tasalla, littafin kuma yana cikin jakata ko za a nemi gani.

Ta yi bisimilla ta ɗauki ɗaya ta kai baki. Bai gutsuru ba. Ta mayar da shi ɗaya gefen bakin, ta sake gwadawa. Da ƙyar ta samu ɗan ɓari, sai na ga fuskarta ta yamutse kamar ta tsotsi tsamiya. Ta daɗe tana duban abin da ke hannunta.

"Wa ya yi wannan?"

"Ga ta nan," in ji Gwaggo, har da nuna ni da yatsa. "Daga littahi ta yi shi."

Hajiya ta girgiza kai. "Allah shi jiƙan Iya. Sai yau na tabbata ta tahi."

Sannan ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ina kanwa?"

Na ce, "Kanwa kuma, Hajiya?"

"Kwaɓin da ya kwana ai tsami yake yi. Da asuba take jiƙa kanwa ta tace ta zuba, ita ke kashe tsamin ta sa shi taushi. Ke kina ina?"

"Tana barci," in ji Gwaggo.

Dariyar da aka yi ta isa a ji ta a bakin titi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Maimakon in yi shiru, sai na zaro littafin ina buɗe shafuka ina neman kanwa a gaban surukan Zulai. Hajiya ta ce tunda na fito da shi in karanta mata abin da ke ciki. Na karanta mata batun zanen Iya, shuɗi mai ɗigon fari. Ta sa bakin mayafi ta goge ido ta ce, "Ni na ba ta zanen nan." A nan kunyar ta fi kama ni, don tsohuwar nan ɗanɗanon ƙawarta ta zauna jira, na miƙa mata labari.

Da za mu tafi na durƙusa kusa da ita na tambaya a hankali, "Hajiya, kanwar kamar yaya ake sawa?"

Ta haɗa yatsu ta ware. "Daidai. Hannunta ya sani."

Na dawo gida na rubuta "kanwa" a tsakanin layukan nan biyu, na bar fili a gabanta don awo. Na tambayi Gwaggo, na tambayi duk tsoffin unguwa, kowa da nasa daidai ɗin. Abin da na koya dai shi ne, mai son gadon girki ya ajiye biro ya tashi da asuba. Ni na sha barcina, filin nan kuma har yau babu komai a ciki.