Wushiryar Aro

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun ɓace mini, amma ba zan taɓa mantawa da bikin ɗiyar baffana a Bader Goula ba, shekarar da na shiga kwaleji a nan Dakoro. Har yau in na ji ƙamshin nakiya sai kunya ta rufe ni.

Bari in fara da bakina, tunda shi ya ja mini. Haƙorana na sama a cunkushe suka fito, wani kan wani, kamar awaki a mota ranar kasuwa. Na sama ba sa hawa daidai kan na ƙasa, a gefe ɗaya nake tauna, in zan yi dariya kuwa sai na kai mayafi baki. Da aka yi babban hutu, kawuna da ke aiki a Yamai ya ce a kawo ni wurin likitan haƙori. Likitan ya duba, ya ce muƙamuƙina na sama ne ya yi ƙunci, kuma tunda ƙashina bai gama ƙwari ba ana iya buɗa shi a hankali. Ya maƙala mini wani ƙarfe a ganda, riƙe da haƙoran tauna, ya ba Inna wani ɗan siririn mabuɗi ya nuna mata yadda za ta riƙa murza shi kullum da safe. Ya hana ni cin duk abin da ke da danƙo. Ya kuma faɗa, ina zaune ina ji, cewa haƙoran gaba biyu za su rabu, kada mu tsorata, daga baya da kansu za su koma su haɗe.

Wannan maganar ta ƙarshe ce na ƙi riƙewa. Bayan mun dawo gida, na duba madubi wata safiya na ga wushirya a bakina. Ni da na saba ɓoye baki, sai ga ni ina yi wa kowa murmushi, har da mai sayar da gawayi da ban taɓa gaisarwa ba. (Yawu kam yana taruwa, harshe yana tuntuɓe da ƙarfen, amma wa ya damu, ga wushirya.) Ƙarfen can sama yake, ba mai ganinsa sai na wangale baki, ni kuwa na koyi dariyar da ba ta tona asiri.

A haka muka tafi biki. Kakata, mahaifiyar Baba, tana zaune a ƙofar ɗakinta na durƙusa na gaishe ta, na saki murmushin nan nawa. Sai ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta daɗe tana kallo. Ɗiya mace ɗaya Kaka ta haifa, Gwaggo Rabi, ta kuma rasu tana budurwa tun ba a haife ni ba. Ko hotonta babu. Abin da kowa ke tunawa da ita shi ne wushiryarta.

"Bakin Rabi ne wanga," in ji Kaka. "Yaushe ta hito maki?"

Nan ne ya kamata in buɗe baki in nuna mata ƙarfen. Maimakon haka na sunkuyar da kai, na ce da kanta ta fito, ni ma tashi na yi na gan ta. Inna tana can wajen girki, ba ta ji ni ba.

Kaka ta shiga ɗaki ta buɗe adaka, ta fito da awarwaron azurfa na Gwaggo Rabi, wanda ta hana kowa taɓawa shekara da shekaru, ta zura mini a hannu. Sannan ta ja ni tabarma zuwa tabarma tana nuna ni ga mata, tana cewa Allah ya mayar mata da abinta. Tsofaffi suna ta shafa kaina, wata har da hawaye. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi nake ji. Na tuna har karkata kai nake yi don a gani sosai.

Da aka kawo kayan biki, Kaka ta zaɓo nakiya da hannunta ta ba ni, ta ce Rabi ba ta da abin so kamarta. Ta yaya mai gadon Rabi za ta ce likita ya hana? Na jefa babban guntu a baki. Tauna ɗaya na yi ta manne a ƙarfen, ta cika gandar tam. Na tura da harshe, ta ƙi. Na so haɗiyewa, na shaƙe. Ga yawu na zuba kan sabon leshina, ga idanu sun yi ja, ga mata sun zagaye ni. Kaka ta tsorata, ta danne goshina ta zura yatsa don ta ciro, sai na ga ta tsaya cak. Ta ɗaga kaina sama ta leƙa.

"Wa ya sa ma jikata linzami?"

Wurin ya kwashe da dariya. Aka kira Inna, ta zo da ludayi a hannu, ta kwance ɗan mabuɗin daga haɓar zanenta ta nuna wa kowa. Ita ba ta san ƙaryar da na shirga ba, don haka ta yi bayani tsakani da Allah: aikin likita ne, ƙarfen ne ya raba haƙoran, kuma nan gaba kaɗan za su haɗe. Wata mata ta ce ashe wushiryar Yamai ce, aka sake fashewa. Kaka kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta goge yatsanta a zane, ta koma ƙofar ɗakinta ta zauna.

Da za mu tafi na cire awarwaron na miƙa mata, kaina a ƙasa. Ta mayar mini, ta ce kyauta ba ta komawa adaka. Abu ɗaya ta roƙa, in riƙa zuwa tana ganina kafin wushiryar ta rufe, ko ta aro ce tana son kallonta.

Ban je ba. Kunya ta hana ni. Duk wanda ya zo kasuwar Dakoro daga can sai ya kawo saƙonta, ni kuwa sai in ce karatu ya yi yawa. Haƙoran suka yi ta matsowa kamar yadda likita ya faɗa, ranar da na daure na je babu sauran komai. Kaka ta kama haɓata kamar wancan karon, ta duba, ta ce, "Ta tahi." Sai ta tambayi lafiyar mutanen gida. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu.

Yanzu haƙorana a jere suke reras, ina tauna ta kowane gefe, mutane har yabawa suke yi. Awarwaron yana hannuna. Abu biyu na koya: ba na cin nakiya a gidan biki, kuma in tsohuwa ta ce in zo ta ga dariyata, ranar nake shiga mota, ko da an yi mini dariya a garinsu.