Akuyar da Ta Rufa Mana Gida

Ga wata nan tafe, ga ta nan gare ku. To, ku amsa mana, jikokina, ku ce ta ƙaraso mu ji ta. Yawwa, ko ku fa! Har na ɗauka ku ma sai an sa muku hannu a ofis kafin ku buɗe baki.

Yau da safe akuya ta cinye mini mayafi. Na shanya shi a igiya, na juya in ɗauko bokiti, kafin in waiwayo ta kai rabi, tana taunawa tana kallona ido cikin ido. Na ɗaga tsintsiya, sai surukata ta riƙe mini hannu.

"Haba Iya, mai gidan za ki daka? A ina za mu kwana?"

Na ajiye tsintsiya, na ba akuya haƙuri, na ce in bai ishe ta ba akwai ɗankwali. Kada ku ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Autana tela ne. Shekara da shekaru yana taka keke har ƙafarsa ta dama ta fi ta hagu kauri, yana sayen bulo kaɗan-kaɗan, ya tayar da ɗaki biyu da falo a wani ɗan fili. Gini ya kai linta, katako ya iso, kwano yana jingine, saura a ɗora. Mai gidan da muke haya kuwa ya ce ɗansa zai dawo, mu tattara kafin damina. Ga surukata ciki ya tsufa, rabonta da ganin yatsun ƙafarta har ta manta kamanninsu.

Kun dai san halin da kasuwar gidaje take ciki. Manyan masu gini sun jera gidaje reras, fenti iri ɗaya, ƙofa iri ɗaya, babu mai ko tayawa. Allunan sayarwa har rana ta koɗar da su. Ƙadangaru ne kawai suka tare, su ma ba su biya ba.

Sai Masu Girma Iyayen Sanyin Ofis suka zauna, Allah ya ƙara musu sanyi. Suka sha shayi, suka yi nazari, suka gano cutar: gidaje ne suka yi yawa. Ba tsada ba, ba aljihun mutane ne ya bushe ba. Magani kuwa, kada wanda ya ƙara ɗora rufi a kan sabon gidan ɗan Adam sai an sayar da waɗancan. Suka kafa Hukumar Tausaya wa Gidajen da Ba Kowa, aka sayo mata motoci na zagayen leƙen rufi, aka gina mata sabon ofis. Shi an rufa shi, kada ku damu.

Ni dai na jinjina musu. Ni da ban yi boko ba, in na ga mutane ba gida, ga gidaje ba mutane, wani shirmen zan kawo. Ilimi daban ne.

Na yafa mayafina, wannan da aka cinye yau, na raka auta ofishin. Muka samu wani Yallaɓai a bayan tebur, yana juyi a kujera kamar jariri a zani.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hadari ya fara haɗuwa."

Ya ce, "Iya, hadari ba ya ƙarƙashin ofishinmu. Ku sayi ɗaya daga cikin gidajen can mana, ku taimaki ƙasa."

Auta ya ce, "Da me, Yallaɓai?"

"Wannan ma ba ya ƙarƙashin ofishinmu."

Muka yi godiya. Ai dole a gode, mutum ya ba ka amsa har biyu bai ce ka dawo gobe ba.

Muka dawo muka tarar da maginimmu zaune a kan bulo. Gobe-da-Safe muke ce masa, don duk abin da ka tambaye shi amsar ke nan. Ranar dai bakinsa ya kawo abin kirki.

Ya ce, "Iya, dokar fa gidan mutane ta hana. Ba ta hana ɗakin dabbobi ba. Ko makon jiya na rufa wa wani babba ɗakin kaji, hawa biyu, da na'urar sanyi da wurin ajiye mota."

Na ce, "Kaji a bene?"

"Kajin manya ne, Iya. Kuma doka ta yarda masu kula da dabba su kwana kusa da ita."

Na dubi auta, auta ya dubi matarsa, matarsa ta dubi katangar maƙwabciyarmu Uwar 'Yan Biyu, inda wata akuya take leƙe. Guntun Kunne ake ce mata, don kare ya gutsure mata kunnen hagu tun tana ƙarama, kuma tun daga ranar ba ta ƙara ganin girman kowa ba.

Uwar 'Yan Biyu ta ce, "Ku ɗauke ta, Iya. In ta cinye ku kada ku kawo mini ƙara."

A karon farko a rayuwarsa Gobe-da-Safe ya zo yau da safe. Aka buga kwano, muka kwaso kaya muka tare, akuya a gaba muna biye.

Ba a jima ba sai ga mai duba gini, Yallaɓai Mai Igiyar Awo, da sabuwar mota da takalmi mai ƙyalli. Ya auna ƙofa, ya auna taga, ya auna akuya. Sannan ya ɗago.

"Akuya ɗaya ce da ɗaki biyu da falo?"

Na ce, "Tana yawan baƙi, ranka ya daɗe."

"Wannan gadon fa?"

"Bayanta ke ciwo."

"Keken ɗinki?"

"In ba ta ji ƙararsa ba, ba ta cin abinci."

Ya nuna surukata da biro. Na ce mai kula da ita ce. Ya dubi cikin. Na ce wannan mataimaki ne, bai kama aiki ba tukuna.

Bawan Allah bai yi ko murmushi ba. Ya ce komai ya yi daidai, sai abu guda: doka ta ce dabba ta samu iska, saboda haka ɗakin da ya fi babbar taga nata ne, kada masu hidima su takura mata. Jikokina, ɗakina ke nan. Ɗakin da na zaɓa tun ana haƙa tushe. Yanzu a falo nake shimfiɗa, ita tana ciki tana shan iska. Wa ya ce ba a kula da marasa ƙarfi a ƙasar nan?

Ranar da ruwan farko ya sauko, da hantsi, mataimaki ya kama aiki. Namiji ne, da murya kamar ta kakansa. Ina riƙe da shi ina jin ruwa yana dukan kwano, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Na leƙa ɗaki na ce wa Guntun Kunne Allah ya saka.

To, kun san unguwa. Duk mai ginin da ya tsaya a linta ya ji labari. Mai faci ya zo aron akuya, mai aski ya zo, malamar makaranta ma ta zo tana sunkuyar da kai. In motar Yallaɓai ta shigo ta gaba, sai a zagaya da akuya ta baya, kafin ya gama kakkaɓe takalmi tana gida na gaba tana jiransa. Har ta gane aikin, da ta ji ƙarar mota sai ta miƙe da kanta.

Rannan sai ga motar a ƙofarmu, ba ranar zuwansa ba. Auta ya tsayar da keke. Surukata ta rungume jariri ta dubi rufi. Ni kaina na kama salati, don kwanon da aka buga ana iya ɓanɓare shi, ga damina ta zauna.

Yallaɓai ya wuce kai tsaye wurin akuya, ya kama guntun kunnen ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ja ni gefe.

"Iya, tsakaninki da Allah, akuyar nan gida nawa gare ta?"

Na ce, "Allah ne ya buɗa mata, ranka ya daɗe. Kuma ai ba ita kaɗai ba ce mai gidaje da yawa da ba ta kwana a ciki. Ita ko leƙawa tana yi."

Ya waiwaya ya ga direbansa ba ya ji. Ya yi gyaran murya, ya rage tsawo.

"Ranar Asabar tana da aiki?"

Ashe nasa ginin ma a linta ya tsaya, matarsa ta hana shi sakat. Na ce sai dai ya bi layi, mai wanki yana gabansa. Kuma ya zo da dusa, ba ta fita da yunwa.

Yanzu dai auta yana ɗinki a ƙarƙashin rufinsa. Surukata ta ga yatsun ƙafarta, jariri yana ƙiba. Gobe-da-Safe ya koma gobe da safe. Yallaɓai ya rufa gidansa, in mun haɗu har rusunawa yake yi. Uwar 'Yan Biyu tana zuwa gaida akuyarta in ta same ta a gida. Gidajen can suna nan, ƙadangaru sun hayayyafa. Ni ina falo, ba mayafi.

Masu Girma kuwa, jiya na ji su a rediyo suna taya kansu murna. Wai bincike ya nuna kiwon awaki ya bunƙasa a unguwarmu fiye da ko'ina, kowane gida da akuyarsa, har za su zo da 'yan jarida su gan su gaba ɗaya a fili guda. Na faɗa wa Guntun Kunne ta shirya. Ta dube ni, ta ci gaba da taunar ɗankwalin.