Ranar da muka kai jana'iza babu gawa

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai Baba Idi ƙauye ba. Yayan mahaifina ne, a Kurmin Mashi ya rasu da asuba, ya bar wasiyya a binne shi kusa da mahaifiyarsa. Lokacin an katse layin waya a wancan yankin, hanyar kuma kowa ya san halinta. Kana barin Rigasa, wayarka ta zama fitila.

Motoci biyar muka yi. Kawu Mamman, tsohon direban tirela, Bakatsine, shi ya tsara mu.

"Babu waya, ido za mu yi da shi," ya ce. "Kowa ya kula da ta bayanshi. In ta tsaya ka tsaya, na gabanka zai gani shi ma ya tsaya. Har ya iso gare ni."

Mu ne na uku. Farar bas mai ɗauke da gawa tana bin mu, motar mata ta ƙarshe. Madubin motarmu a fashe yake, sai Kawu ya dube ni.

"Kai tela, wuyanka lafiya lau. Zauna baya ka zama madubi."

Na karɓa da alfahari (ni da shekara ke zagayowa ban wuce Kasuwar Barci ba). Da farko na yi aiki. Sai wani ya ambaci yadda marigayi yake tsokanar masu shayi, ni kuwa labarin nan na fi kowa iya shi. Ina bayarwa har da kwaikwayon muryarsa, mutane na dariya suna share hawaye. Jifa-jifa direba ya ce, "Suna nan?" In waiga in ga fari, in ce suna nan.

Mun iso, an haƙa kabari, mutanen gari sun jeru. Farar bas ɗin da nake gadi ta wuce mu da gudu, buhunan gawayi a samanta, ashe ba tamu ba ce.

Liman ya matso ya ce, "Ina mamacin?"

Duk suka juyo gare ni.

Ashe taya ta fashe wa motar gawa tun bayan Rigasa. Motar mata ta tsaya tare da su kamar yadda aka tsara. Awa uku suna bakin daji, gawa a mota, Inna matar marigayi tana rungume da jikoki, kowane babur ya taho sai gabansu ya faɗi. Allah ya tsare. Sai bayan La'asar aka binne shi.

Kawu bai zage ni ba, da ma ya zaga. Inna ce ta ce a hankali, "Ya yi ta jiranka, Sule."

Yanzu in za a yi tafiya, ni nake fara cewa a bar ni gida da tabarmar 'yan gaisuwa. A nan dai bakina yana da amfani.