Mailafiya Wanzami da Bishiya Mai Sanƙo

"Ni Mailafiya, jikan Sarkin Askar Kazaure, ko tulu na ɗora wa hannu sai ya fitar da gashi! Akwai wani alhaji ɗan Damagaram da ya zo mini da kai kamar ƙoƙon da aka wanke, na shafa masa magani sau uku kacal. Ranar komawarsa gida sai da aka tsare shi a filin jirgin Jidda, wai ba shi ne a hoton fasfo ba."

Da irin wannan Mailafiya yake buɗe hira kullum bayan La'asar a bakin layinsu da ke unguwar Utaibiyya a Makka, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. In ba ka san shi ba, ɗan'uwa, bari in kwatanta maka. Gajere ne, muryarsa ta fi shi tsawo, tumbinsa kuma yakan riga shi yin sallama. Umra ya zo shekara goma sha shida da suka wuce, har yau bai gama bankwana da Ka'aba ba. Sana'arsa aske kan masu Umra a lunguna, ido ɗaya a ƙeyar alhaji, ɗaya a hanya saboda 'yan sanda. Shi ya sa rabin waɗanda suka bi ta hannunsa suke komawa gida da auduga a kunne.

A wani ɗan ɗaki yake kwana a saman gidan Hajiya Aishatu, haifaffiyar Makka jikar Kanawa, wadda ta ba shi wurin don Allah. Hajiya na da 'ya mai suna Maha, ma'aikaciyar jinya, wadda aka yi wa baiko da wani yaron kirki, Muhannad. Mahaifin yaron, Alhaji Mukhtaru, yana da lambun dashe a Ɗa'if, kuma ranar baikon ya aiko wa Maha kyautar da ya fi ji da ita: wata 'yar bishiya a faffaɗan kasko, tsawonta bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, amma shekara goma sha tara yana renonta. Irin itacen nan ne da ake shinge da shi a ƙasashen sanyi, mai ƙananan ganye kamar na lalle, ga wata waya da aka nannaɗe rassanta da ita don su lanƙwashe yadda ake so.

To, sai bishiya ta fara zubar da ganye. Yau biyar, gobe goma. Ga shi ranar Juma'a Alhaji Mukhtaru da mutanensa za su zo sa rana, kuma kowa ya san abin da zai fara tambaya.

Ran Litinin Mailafiya ya sauko karɓar abinci, ya tarar da Maha durƙushe gaban kasko tana tsince ganye, ido ya yi ja.

"Subhanallahi! 'Yata, wa ya mutu?"

"Ba kowa, ya ammi," in ji ta, wato baffa a Larabcinsu. "Bonsai ɗina ce ba lafiya."

"Boni sai me? Boni sai wanda bai san Mailafiya ba!" Ya sunkuya ya leƙa ta sama, ya leƙa ta ƙasa, ya ƙwanƙwasa kaskon kamar mai sayen kankana. "Wannan ai sanƙo ne. Irin mai farawa ta tsakiya. Ba ni ita kwana uku."

"La, la, a'a, don Allah! Na bincika. Sanyin mukayyif ne ya dame ta, na'urar sanyaya ɗakin nan, kuma na cika mata ruwa. Kusa da taga za a sa ta, a yi haƙuri, halas, shi ke nan."

"Haƙuri!" in ji Mailafiya. "Maganin likitan da bai iya aiki ba ke nan."

Washegari da sassafe aka tura Maha kwas na kwana uku a Jidda. Ta ajiye kasko a bakin taga, ta roƙi uwarta kada kowa ya taɓa. Amma kafin hantsi ganye bakwai suka sake faɗowa, Hajiya ta ƙirga su sau biyu. Ta leƙa matattakala ta ƙwala kira.

"Malam Mailafiya, ka tabbata ka iya?"

"Hajiya, a tambayi kifi ko ya iya iyo?"

Ya hau da ita sama yana rungume da ita kamar jaririya. Ya kwaɓa man habbatus sauda da man shanu da 'yar tafarnuwa, ya bi ganye ɗaya bayan ɗaya yana shafawa yana murzawa, yadda ya yi wa alhajin Damagaram. Sannan ya ce magani ba ya shiga sai da ɗumi, ya girke ta a tsakiyar rufin gida da Azahar. Kai ma ka san ranar Makka, wadda in ka bar silifa a waje sai ka dawo ka tarar ya zama danƙo. Kafin La'asar ƙamshin suya ya gauraye layin, har wata maƙwabciya ta aiko tambaya ko ana sayar da soyayyen zogale.

Rabin ganye ya tafi. Mailafiya ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce, "Madalla. Cutar ce ke fita."

Ran Laraba idonsa ya sauka kan wayar da ke rassan. Ya ja da baya yana salati.

"Hajiya! Hajiya! Zo ki ga ikon Allah! An ɗaure ta! Wani maƙiyin auren nan ne ya yi mata ɗauri, shi ya sa shekara goma sha tara ba ta wuce gwiwa ba!"

"Anya? Maha ta ce da wayar aka kawo ta."

"To ai daga can aka ɗauro ta!"

Ya sa filaya ya warware waya, rassa biyu suka biyo ta. Ya ce waɗannan da ma munafukai ne. Daga nan ya yanke shawarar a cire mata mugun jini. Ya yi wa gindinta tsaga uku da aska, ya ɗauko ƙaho ya kafa. Amma bakin ƙahon ya ninka kaurin bishiyar sau huɗu, don haka da ya zuƙa da ƙarfi, ƙasar kaskon ce ta taho masa har maƙogwaro. Ya yi ta tari yana tofar da tsakuwa.

"Kin ga abin da ke cikinta?" ya ce wa Hajiya, hawaye na zuba. "Da ba ni ba, da tuni ta mutu."

Ran Alhamis ganye goma sha ɗaya suka rage, su ma sun lanƙwashe kamar kunnen ɓera. Nan Mailafiya ya fito da babbar dabarar wanzamai: gashin da ya ƙi tsayawa, a aske shi ƙwal, ya fito da ƙarfi. Ya wasa aska, ya yi bisimilla, ya yi mata irin askin masu Umra, har ya shafa mata ruwan alif ya ce, "Allah ya karɓa."

Juma'a ta waye, ya fito da sauri ya duba. Ko ɗigon kore babu. Abin da ke cikin kaskon, in ka ba makaho sai ya ce asuwaki ne. Ga baƙi za su iso bayan an sauko daga masallaci, Maha ma tana hanya.

Mailafiya ya dafe kai. Ya tuna ɗakinsa na sama, ya tuna abincin Hajiya. Sai ya zabura ya gangara bakin layi wurin Ɗaso mai ganyen miya.

"Ɗaso, wane ganye gare ki ƙanana, kore shar?"

"Sai na'ana'a. Shayi za ka yi?"

"Aikin asibiti ne, ba ki gane ba."

Ya haɗa da gam irin na masu gyaran takalmi, ya koma sama ya duƙufa. Ya tsinki ganye, ya ɗiga gam, ya manna. Gumi na tsiyaya, yana sharewa da bayan hannu, in dabara ta ɓace masa ya ja gemu, in ta dawo ya ci gaba. Ko Juma'ar ma a sahun waje ya same ta a gurguje, hannu cikin aljihu. Ya dawo ya ƙarasa, bishiya ta yi lif-lif, ta fi ranar da aka kawo ta cika.

Ana cikin zuba wa baƙi shayi a falon maza, kawun Maha na karɓarsu, Alhaji Mukhtaru ya gyara zama ya ce, "Ina 'yar tsohuwata? A kawo mini ita mu gaisa."

Sai ga Mailafiya ya shigo, kasko a ƙirji, fuskarsa a bayan ganye, yana taku ɗai-ɗai kamar mai ɗauke da tuta. Maha, wadda ko jakarta ba ta ajiye ba, ta leƙo ta bayan labule ta dafe baki.

"Ga ta nan, Alhaji! Ta zo mini da sanƙo, dube ta yanzu!"

"To ajiye ta mana."

Ya yunƙura zai ajiye, kasko ya ce ina, ai mun zama ɗaya. Tafukansa biyu sun manne.

"Ba ta son ƙasa tukuna," in ji shi. "Sharaɗin magani ne."

Tsautsayi ya sa inda ya tsaya daidai bakin mukayyif ne. Iska ta bugo, ganye suka fara tashi ɗaya-ɗaya, sannan suka tashi gaba ɗaya kamar fara. Wasu a kafet, wasu a kan Muhannad, guda uku suka sauka cikin shayin Alhaji. Tsohon ya ɗauki ɗaya ya murza, ya sansana.

"Ikon Allah. Shekara goma sha tara ina tare da ita, ban taɓa sanin na'ana'a ce ba." Ya tashi ya matso, ya dubi tsagar, ya dubi guntayen rassa. "Bawan Allah, me aka yi mata?"

Kai da kake saurare, da kai ne ai sai ka nemi ƙofa. Mailafiya kuwa ƙirji ya buɗe, ya lissafo komai: mai, rana, kwance ɗauri, ƙaho, aski.

"Kuma kada wani ya zo ya raba lada da ni. Yarinyar nan cewa ta yi a bar ta a taga a yi haƙuri. Aikin nan nawa ne ni kaɗai!"

Alhaji Mukhtaru ya juya wajen labule. "Kin ji, 'yata, daina kuka, ke kika faɗi daidai." Ya kankare ɓawon da farce, ya ga ɗan kore a ciki, ya sauke numfashi. "Da sauran ranta. Fari bai kashe ta ba, ƙanƙarar Ɗa'if ba ta kashe ta ba, birai sun taɓa jefo ta daga katanga ta tashi. Zan koma da ita, wataƙila ta tsallake wannan ma. Ranar aure kuwa yau za mu sa ta."

Daga bayan labule muryar Hajiya ta fito a sanyaye, irin sanyin da ya fi zafi ciwo: "Malam Mailafiya, in mun sallami baƙi ina son ganinka, kai da askarka."

Aka kawo ruwan ɗumi, Muhannad ya riƙe kasko, kawu ya riƙe ƙugun Mailafiya, aka ja, aka ja, sai ji kake ɓaraƙ! Kasko ya rabu da likitansa. A nan ne fa aka ga fuskar gwanin sosai. Tun daga gira har ƙarshen gemu na'ana'a ce manne, kore shar, iska na kaɗa ta amma ko ɗaya bai faɗi ba.

Mailafiya bai san abin da ake kallo ba. Ya gyara wuyan riga ya ce, "Ko me za a faɗa dai, ba wanda zai ce bai ga ganye ba."

"Mun gani, wallahi," in ji Alhaji Mukhtaru. "Bishiya dai ba ta yi ba, amma likita ya yi toho. A bar shi ya ƙara kwana biyu kafin a fara tsinka."