Ranar Da Na Share Jarin Rukayya

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta bazara ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu Zaitawa ba za su bar ni ba.

Ni dai baduku ne, na tsufa a rumfa a Kasuwar Kurmi. Boko kuwa aji uku na yi na gudu (malamin ne ya fara cewa ba zan kai ko'ina ba, ni kuma na ga bai kamata in ƙaryata babba ba). Amma Allah ya fitar da injiniya a gidanmu, Rukayya, 'yar ƙanina marigayi, wadda ta tashi a hannuna. Ita da abokan karatunta suka kafa ɗan kamfani, suka haɗa wani inji mai kama da tankin ruwa. A ɗura masa ragowar tuwo da ɓawon kayan miya da kashin awaki, shi kuma ya ba da gas na girki, har ya tayar da janareta. An dafa mini shayi da shi na sha, kodayake sai da na shinshina kofin.

Injin ƙarami ne, babban kuwa sai da kuɗi. Filinta na gado ta sayar ta haɗa ƙaramin. In ba a samu mai sa jari ba, sai rufe kamfani, ga fili ya tafi.

Ran nan ta zo da murna. "Baffa, wani Alhaji mai zuba jari zai zo daga Abuja ranar Asabar, ya ga wuri, ya ga ko harkar tana da gaba. Kai za ka tarbe shi, kai ne babba." Ta buɗe kwamfuta tana nuna mini wasu layuka masu hawa sama, tana zuba Turanci. Ni kuwa sai "ƙwarai, ƙwarai" nake, alhali tun daga "kai ne babba" kunnena ya toshe, ina tunanin rigar da zan sa.

Inda za a kafa babban injin shi ne bakin kududdufin unguwarmu, wajen juji. Jujin nan kuwa tun ina yaro ake zuba masa, ya yi tsayin da awaki ke hawa su hangi dutsen Dala. Ranar Laraba na zo wucewa sai na tsaya cak. Babban baƙo ya taso tun daga Abuja ya ga wannan? A je a ce 'yan Zaitawa ƙazamai ne? Mu a Kurmi, in babban mai saye zai zo, share rumfa kake, ka yayyafa ruwa, ka tura tarkacen fata ƙarƙashin benci. Ilimin da nake da shi ke nan, da shi na yi aiki.

Ga shi bazara ce, manoman ƙauye na neman taki ido rufe. Saƙo ɗaya na aika, cewa a zo a kwashe juji kyauta. Kafin azahar ɗin Alhamis masu jakai da mangaloli sun cika lungu, a-kori-kura na jira a bakin titi. Rukayya tana can gidan mijinta a Gwammaja, na ce kada wanda ya gaya mata, in ta zo ta sha mamaki.

Abokina Sabitu tela ya leƙo daga shago ya ce, "Kai, ka tambayi yarinyar nan kuwa?"

Na ce, "Sabitu, wuyan riga ka sani. Harkar kamfani ka bar wa masu ita."

Ban tsaya nan ba, gida-gida na bi ina sallama a zaure: duk wadda ta aiko da shara kafin Lahadi, ni da mijinta.

Ranar Asabar wuri ya yi fes, har ka ce filin idi. Na sa aka shimfiɗa dardumai, aka jera kujeru, aka kunna turaren wuta. Na sha babbar riga ina ɗaukar ido. Mota ba ta shiga lungunmu, don haka a ƙafa suka ɓullo, Rukayya a gaba tana bayani. Tana ɗaga kai ta ƙame kamar ta taka wayar wuta. Na ce a raina, yauwa, daɗi ne ya kama ta.

Bayan gaisuwa Alhajin ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ce, "Injiniya, ina tsaunin sharar da kika turo mini a hoto?"

Kafin ta buɗe baki na gyara riga na matso. (Allah ya sani, har da ɗaga murya, don na baya su ji.)

"Ranka ya daɗe, wannan hoton tsohon zance ne. Mu nan Zaitawa ba mu san shara ba. Ko ɓawon gyaɗa kake nema, sai dai ka gwada wata unguwar."

Ya dube ni a natse ya ce, "To, Baba, injin me zai ci?"

Can daga baya Sabitu ya ce, "Turaren wuta, ranka ya daɗe."

Dariya ta ɓarke, amma ni ba ita na ji ba. Rukayya ce ta matso, idonta ya ciko, ta ce a hankali, "Baffa, sharar ce fa jarin namu. Ita ya zo gani." Wallahi rigar nan sai na ji ta yi mini nauyin fata ɗanya.

Na cire girma na ajiye, na faɗi gaskiya tun daga jakin farko. Alhaji ya yi dariya har sai da ya tuɓe hula ya goge ido, sannan ya ɗaure fuska. "Ni ba tausayi nake sa wa kuɗi ba. Tsohon juji ma bai gaya mini abin da unguwa ke fitarwa kullum. Zan dawo bayan sati biyu. Abin da na tarar, shi zai yi magana."

Washegari na sake bin zaurukan nan, wannan karon murya ƙasa-ƙasa. Wata Hajiya ta amsa daga cikin gida, "Baffan Rukayya, ba kai ka ce kai da mijina ba?"

Na ce, "Na janye, Hajiya. Ko ƙanzo ne a taimaka."

Na bi masu kayan miya, na bi mahauta, na bi masu waina. Na kafa kujera a bakin kududdufi ina gadi, don manoman sun ɗanɗana, kullum sai wani ya ɓullo da jaki yana tambayar ko da saura. Mutumin da ya yi musu kyauta jiya, shi ne yau ke bin su da sanda.

Da Alhaji ya dawo, tun daga bakin lungu ya toshe hanci yana murmushi. Bai ba da duk abin da aka nema ba, amma ya ba da na fara aiki, kuma kamfani bai rufe ba. Ni kuma unguwa ta naɗa ni Sarkin Juji, ba rawani, ba ranar sauka.

Abin da na koya da furfurata shi ne, zamanin nan ba ka sanin abin da ya zama dukiya sai ka zubar da shi. Yanzu ko akuya ce ta yi abinta a ƙofar gidana, ba na taɓa tsintsiya sai na buga wa Injiniya waya.